Darasinmu: Aƙidar Fansa A Wurin Kiristoci Da Tuba A Musulunci

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammad (SAW).

'Yan'uwana mata, bayan hutun Ista wata ɗalibata a Islamiyyarmu ta nan Batagarawa ta tambaye ni, "Malama, ƙawata ta ce an riga an biya mata zunubanta, wai haka ne?" Yarinya in ba ta samu amsa a gida ba, a waje za ta nemo. Kiristoci kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu. Tun shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka riƙe asibitin kutare na Babbar Ruga, akwai Hausawa Kiristoci a Malumfashi da Kafur, a 2023 kuma aka kafa dayosis ɗin Katolika na Katsina.

Me suke cewa?

Galibinsu sun yi imani cewa saɓon Annabi Adamu ya shafi zuriyarsa gaba ɗaya, kuma sakamakon zunubi mutuwa ne. Tunda Allah mai adalci ne, dole a biya. Mutum kuwa ba zai iya biya wa kansa ba, sai Yesu Almasihu, wanda ba shi da zunubi, ya mutu a kan gicciye a madadin mutane. Wannan suke kira fansa. Suna kafa hujja da Ishaya sura ta 53 da Romawa sura ta 5. Wani malaminsu, Anselm na Kantabari a Ingila, ya tsara bayanin wajen shekarar 1098. Mu yi musu adalci: ba su ce mutum ya yi ta saɓo ba, su ma suna wajabta tuba da bangaskiya.

Mu kuma fa?

Na ɗaya, Annabi Adamu (AS) ya tuba kuma Allah Ya karɓa (Baƙara: 37), don haka jariri ba ya gadon laifi. Na biyu, babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani (An'am: 164). Na uku, Annabi Isa (AS) ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne Ya ɗauke shi (Nisa'i: 157-158). Gafara a wurinmu ba ta bukatar jinin kowa. Ki daina laifin, ki yi nadama, ki ƙudurta ba za ki koma ba, in haƙƙin wani ne ki mayar.

Nan ne gwajin yake, 'yar'uwa. Kuɗin adashin da kika danne, da kishiyar da kika yi wa ƙazafi, babu mai biya miki su.

Ki koya wa 'ya'yanki wannan ba tare da zagi ba, domin an umarce mu da mu yi muhawara da Ahlul Kitabi ta hanya mafi kyau (Ankabut: 46). Maƙwabciyarki Kirista tana da haƙƙin maƙwabtaka a kanki.

Allah Ya karɓi tubanmu, amin.