Yadda Ake Shirya Kwamfutocin Banki Don Kada Aiki Ya Tsaya

A farkon shekarar 2023, sa'ad da takardun kuɗi suka yi ƙaranci bayan sauya fasalin Naira, jama'a sun raja'a kan tura kuɗi ta waya, na'urorin bankuna kuwa suka yi ta cijewa. Mai saye ya nuna an cire masa kuɗi, mai kanti ya ce bai ga komai ba, kuma duka biyun gaskiya suka faɗa. Dalili shi ne kuɗin da aka tura daga wani banki zuwa wani yakan bi ta kwamfutocin da ke haɗa bayanan bankuna, irin na tsarin NIP wanda kamfanin NIBSS ya soma a 2011, kuma ko ɗaya ce ta tsaya a hanya ciniki ya tsaya.

Maganin da masana suka samo shi ne a haɗa kwamfutoci da dama su zama gungu guda. Kowace tana aika wa sauran alamar cewa tana raye, in ɗaya ta yi shiru sai wata ta ɗauki aikinta daga inda ta tsaya. Wannan ba zai yiwu ba sai an ajiye bayanan aikin a inda dukkansu za su iya karantawa, a kuma yi wa ma'ajiyar kwafi a wani gini dabam.

Akwai wani haɗari da ya fi mutuwar na'ura muni. Idan layin da ke tsakanin kwamfutoci biyu ya katse, kowace za ta zaci 'yar'uwarta ta mutu, sai su biyun su riƙa rubuta lissafi, a wayi gari da littafi biyu masu saɓa wa juna. Shi ya sa akan girka uku ko biyar, ɓangaren da ke da rinjaye kaɗai ke ci gaba da aiki.

Wajibi ne manaja ya iya lissafin alkawarin da ɗan kwangila ya yi masa. Aiki na kashi 99.9 cikin 100 yana nufin tsayawar kusan awa 9 a shekara, na kashi 99.99 kuwa minti 53, kuma tsadar na biyun ta yi wa ta farkon nisa.

A ganina, inda aka fi yin sakaci shi ne gwaji, domin ba manajan da ke son a kashe masa na'ura mai lafiya da gangan. A watan Agustan 2016 matsalar lantarki ta auka wa cibiyar kwamfutocin kamfanin jiragen sama na Delta a birnin Atlanta ta Amurka, sai a lokacin aka gano cewa wasu na'urorin ba a haɗa su da wutar ko-ta-kwana ba. An soke tashin jirage kimanin 2,300, kamfanin kuma ya ƙiyasta asararsa a kan dala miliyan 150.