YANAR IDO: MAKANTAR DA AKE WARKEWA

A ƙasar Karaye da Rogo da wuya a sami ƙauyen da ba shi da tsoho ko tsohuwa wanda gani ya janye masa a hankali, har ya zama ba ya zuwa masallaci ko kasuwa sai da ɗan jagora. Jama'a sukan ce tsufa ne, tsufa kuwa ba shi da magani. To, da yawa daga cikin waɗannan dattawa yana ce ta rufe musu ido, ita kuwa likita yana kawar da ita cikin abin da bai wuce rabin sa'a ba.

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai, kamar ƙwayar wake, wanda haske ke ratsawa. In shekaru suka yi nisa sai ya riƙa dushewa kamar ƙwan fitilar da hayaƙi ya turnuƙe. Wannan ita ce yana. Ciwon sukari, da shan taba, da rauni a ido, da yawan zama cikin rana sukan gaggauta ta. Mai ita yana ganin duniya kamar cikin hazo, hasken mota yana kashe masa ido da dare, amma ba ciwo, ba ja. Kada a haɗa ta da hakiya, wadda tabo ce a saman baƙin ido, ko da hawan jinin ido, wanda ganin da ya cinye ba ya dawowa. Likitan ido ne ke bambancewa.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya duka daga 2005 zuwa 2007, tsakanin masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna cewa cikin makafi 100, wajen 43 yana ce sanadinsu. Watau kusan rabin makantar manya ta warkewa ce. Asarar kuwa ba ta tsaya kan tsohon ba, gama jikan da ke riƙe masa sanda yaro ne wanda ya kamata a ce yana makaranta.

Wajibi ne a ja kunnen jama'a game da masu yawo ƙauye-ƙauye suna soke ido da tsinke. Abin da suke yi shi ne su ture madubin nan ya faɗa can cikin ido. Haske yakan ɗan shigo nan take, dangi su yi murna, a biya, mai tsinke ya yi gaba. Bayan kwanaki sai kumburi da ciwo. Binciken nan ya tarar kusan uku cikin huɗu na idanun da aka soke a makance suke. Haka kuma babu tozali, ko ruwan ganye, ko maganin ɗigawa da ke narkar da yana.

Aikin likita dabam ne. Yakan fitar da madubin da ya dushe ta wata 'yar ƙofa, ya sa na roba a gurbinsa, wanda zai zauna har ƙarshen rai. Wani likita na Ingila, Harold Ridley, shi ya fara sa irin wannan madubi a birnin Landan cikin 1949. Allura ake yi a kashe zafin wurin, majiyyaci yana farke. Jita-jitar da ake yi cewa ana ciro ido a ajiye a faranti ba ta da tushe ko kaɗan. Ido yana nan inda Allah ya ajiye shi.

Mai buƙata ya fara zuwa asibitin da ke kusa da shi a duba, a ba shi takarda. A Kano akwai asibitin ido na ECWA da ke Sabon Gari, wanda aka buɗe tun 1943, da Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A Kaduna kuma akwai babban asibitin ido na ƙasa. Za a auna jini da sukari tukuna, sa'an nan a yi wa ido ɗaya. Ɗayan sai na farko ya warke. Ba lalle ne a jira gani ya ɗauke ƙaf ba. Da zarar yana ta hana mutum aikinsa, ko karatun Alƙur'ani, lokaci ya yi, gama wadda ta daɗe ƙwarai tana iya jawo wata cutar.

Yawanci kashegari ake cire bandeji. Mutum ya shekara uku bai ga fuskar jikokinsa ba, sai ga shi yana kiransu ɗaya-ɗaya da suna. Amma fa sauran aiki yana gida. Za a riƙa ɗiga magani wajen mako huɗu zuwa shida, da hannu wankakke. Kada a murza ido, kada ruwa ya shiga wajen alwala, a tambayi likita ranar da za a koma yin sujada. A nisanci hayaƙin murhu, da ƙurar sussuka da shiƙa, da ɗaukar kaya mai nauyi. Manomi ya yi dabara ya shirya tafiyarsa bayan ya kimtsa amfanin gona.

Wasu za su bukaci tabarau don karatu. In kuwa ido ya yi ja, ko ciwo ya tsananta, ko gani ya ragu bayan ya dawo, a koma asibiti ran nan, kada a jira ranar da aka rubuta a kati.