IDAN BAYANANKA SUN RIGA SUN SHIGA KASUWA, ME YA RAGE A HANNUNKA?

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, darasinmu na yau a kan wata dukiya ce da mutum bai san yana da ita ba sai ranar da aka cuce shi da ita: lambar NIN, lambar BVN, lambar waya, ranar haihuwa da hoton fuska.

A watan Maris na 2024, 'yan jaridar FIJ suka bankaɗo wani shafin intanet mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na 'yan Najeriya a kan naira 200. A watan Yuni na 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta gano wani, AnyVerify, shi kuma naira 100. Don su nuna cewa ba zancen baka ba ne, suka sayi takardar NIN ta ministan sadarwa, Bosun Tijani. To idan ta minista naira ɗari ce, ni da kai fa?

Ka fara gane wannan: NIN da BVN ba kwado ba ne da za ka sauya idan makulli ya ɓata. Lamba ɗaya ce har ƙarshen rayuwa. Saboda haka ka ƙaddara cewa sun riga sun fita, ka koma tsare abin da ya rage. Kuma alhamdulillahi, abin da ya rage shi ne mafi muhimmanci. BVN ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi daga asusu. Ɓarawo yana buƙatar ɗaya daga cikin uku: layinka, lambar sirrinka, ko lambar nan da banki ke turowa ta saƙo, wadda ake kira OTP. Duk kiran da zai yi maka, ɗayan ukun nan yake nema.

A nan ne mutanenmu suke faɗawa. Mutum ya kira ka, ya faɗi sunanka da na mahaifinka, ya faɗi ranar haihuwarka da bankinka, sai zuciya ta kwanta, ka ce ai wannan daga ofis yake. A'a Malam. Sanin sunanka ba shaida ba ce, abin da ya saya ne yake karanto maka. Kuma sun san lokacin da za su kira. Mu nan ƙasar Haɗeja, duk shekarar da kogi ya yi ambaliya kamar 2020 da 2022, ruwa ya ci shinkafa a Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri, kowa kunnensa na wajen tallafi. Sai a ce sunanka ya fito, karanto lambar da aka turo maka a tabbatar. Wanda gonarsa ke ƙarƙashin ruwa ba ya tsayawa dogon tunani. Ka riƙe wannan: babu banki, babu hukumar agaji da ke buƙatar OTP ko lambar sirrinka kafin ta ba ka wani abu. Karɓar kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata. Ka kashe wayar, ka taka da ƙafarka zuwa banki.

Sai layi. Ka sa wa katin SIM ɗinka lambar kullewa, domin wanda ya sace waya a kasuwar kifi ko a tasha ba wayar ce ta dame shi ba, zare layin zai yi ya sa a wata. Idan layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta na aiki, kada ka jira gobe. Mai yiwuwa wani ya je ya karɓi sabon SIM da sunanka. Bankuna suna da lambar da ake dannawa daga kowace waya a rufe asusu nan take. Ka tambayi ta bankinka yau, ka rubuta a takarda ka ajiye a gida. Layin da ka daina amfani da shi kuma, kamfani yakan sayar wa wani bayan wani lokaci, don haka ka je banki a cire shi daga asusunka. WhatsApp ma ka kunna masa matakin tsaro na biyu, kada a wayi gari ana roƙon kuɗi a zauren 'yan uwa da sunanka.

Akwai wanda ba sace masa aka yi ba, da hannunsa ya miƙa. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bi suna sayen NIN da BVN a hannun mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000. Ɗan uwa, asusu za a buɗe da sunanka. Idan kuɗin damfara ko na fansa ya bi ta ciki, ƙofar gidanka jami'ai za su ƙwanƙwasa. Shi kuma mai POS, mai shagon hoton takardu, da wanda aka ba rubuta sunayen tallafi a unguwa, takardun nan amana ce a wuyansu. Sayar da su cin amana ne, kuɗin haramun ne, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta tanadi hukunci a kai.

Idan kuma an riga an cire maka kuɗi, kunya ba ta da amfani a nan. Rufe asusun, ka je banki a ranar, ka rubuta koke, ka karɓi lambar shaidar koken. Saurin kai ƙara ne ke sa a iya tsayar da kuɗin kafin a kwashe su daga asusun da aka tura. Ka kai rahoto wajen 'yan sanda, kada ka goge saƙonnin da lambar da ta kira ka. Idan banki ya yi shiru har mako biyu, sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar koke, kuma lambar shaidar nan za su fara tambayarka.