Dangantakar Kaurin Tantanin Ido da Raunin Gani na Tsakiya a Ciwon Gulokoma

An daɗe ana koyar da cewa gulokoma, wadda kafafen yaɗa labarai na Hausa ke kira hawan jinin ido, daga gefe take fara cin gani, sai ta yi nisa sannan ta taɓa tsakiya. Wannan maƙala ta ƙudiri aniyar nuna cewa awon kaurin tantanin ido ya raunana wannan ra'ayi.

Tantanin da ke shimfiɗe a bayan ido, wato ratina, hawa-hawa ne. Gulokoma ta fi ɓarna a hawa uku na ciki, inda ƙwayoyin ganguliyon da zarurrukansu suke. Waɗannan zarurruka, sama da miliyan ɗaya, su ne ke haɗuwa su zama jijiyar gani. Idan ƙwayoyin suka mutu ba sa sake tsirowa, sai tantanin ya sirance. A shekarar 1991 David Huang da abokan aikinsa a ɗakin binciken James Fujimoto na jami'ar MIT suka gabatar da na'urar OCT, mai auna kaurin waɗannan hawa da haske ba tare da ta taɓa ido ba.

Makula, wato tsakiyar tantanin, ɗan ƙaramin wuri ce, amma kusan rabin ƙwayoyin ganguliyon a nan suke cushe. Da ita ake karatu, ake zura zare a allura, ake shaida fuska. Donald Hood na Jami'ar Kolumbiya ya nuna cewa ɓangarenta na ƙasa kan sirance tun ciwon yana sabo. Da yake hoto a kife yake faɗawa cikin ido, raunin yakan bayyana ne ɗan sama da inda mutum ya zuba wa ido.

To, me ya sa aka daɗe ba a lura ba? Laifin ma'auni ne. Gwajin faɗin gani da aka saba, mai suna 24-2, ɗigon haskensa 54 ne, tsakaninsu digiri 6, don haka ƙaramin rauni kan ɓuya a tsakaninsu. Gwajin 10-2 kuwa yana da ɗigo 68, tsakaninsu digiri 2, duk a tsakiya. A ganin wannan nazari, duk idon da makularsa ta sirance ya cancanci gwaji na biyun.

Sai dai dangantakar ba miƙaƙƙiya ba ce. Idan ciwo ya tsananta, awon kaurin zarurruka yakan tsaya cak, domin abin da ya rage jijiyoyin jini ne da ƙwayoyin tallafi, alhali gani yana ci gaba da zuƙewa.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano gulokoma a kusan kashi 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama, mafi yawansu ba su ma san suna da ita ba. A nan ne manazarcin harshe ke da ta cewa. Sunan hawan jinin ido ruɗani gare shi: ruwan cikin ido ne ke matsa, ba jini ba, kuma akwai masu gulokoma da matsin idonsu bai wuce milimita 21 na zaiba ba. An lura cewa irin waɗannan ma raunin nasu ya fi kusantar tsakiya, ga shi kuwa sunan da muke kiran ciwon da shi bai ƙunshe su ba.