Nasiha ga Ɗana Mai Son Zama Koci

 Mahaifiyarka ta gaya mini gwiwar nan ta ƙi, likita ya ce ka haƙura da buga gasa, yanzu kai ke tara yaran unguwa bayan la'asar kana ba su horo. Ta ce har ka fara cewa wata rana sai ka riƙe Super Eagles. Ita dariya abin ya ba ta. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin ɗan garin nan ya taɓa hawa wannan kujera, kuma labarinsa nake so ka riƙe, da daɗinsa da ɗacinsa.

Salisu Yusuf nake nufi. A Zariya aka haife shi a 1962. Ɗan wasan tsakiya ne, ya taka leda a Ranchers Bees ta Kaduna da El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Bai yi irin sunan da su Daniel Amokachi da Tijjani Babangida suka yi a Turai ba. Da ya rataye takalmi sai ya kama koyarwa daga ƙasa, yau yana wannan kulob, gobe yana mataimaki a wancan. Yana cikin masu horar da Kano Pillars lokacin da ta ci kofin lig ɗin Najeriya karon farko a 2008. A 2013 ya ci kofin ƙalubale da Enyimba ta Aba. Ka duba da kyau, Bazazzagi ne ya je tsakiyar ƙasar Ibo aka miƙa masa babban kulob, ba don yare ko dangi ba, sai don an ga aikinsa. A Mayun 2016 aka ba shi riƙon Super Eagles, ya doke Mali da ci 1-0, ya doke Luxembourg da ci 3-1 a wasannin sada zumunta. Da aka ɗauko Bajamushe Gernot Rohr a shekarar, shi ne na biyunsa, da shi aka je gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018. A farkon 2018 ɗin kuma shi ya ja 'yan wasan cikin gida har wasan ƙarshe na gasar CHAN a Kasabalanka, inda Maroko ta ci mu 4-0. Kashin ya yi ciwo, amma kafin nan Najeriya ba ta taɓa kaiwa wasan ƙarshe a wannan gasa ba.

Kada ka ɗauka iya taka leda shi ke sa mutum ya iya koyar da ita. Sunday Oliseh ya buga wa Ajax da Juventus da Dortmund, kuma duk wanda ya kalli ƙwallon da ya ci Sifaniya a 1998 bai manta ba. An ba shi Super Eagles a Yulin 2015, ya ajiye aikin a Fabrairun 2016. Za ka ce ai ga marigayi Stephen Keshi, ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaga shi yana koci a 2013. Gaskiya ne. Sai dai kafin nan ya yi mataimaki, ya je Togo ya samo mata gurbi a gasar duniya ta 2006, ya horar da Mali. Shekara 19 ke tsakanin kofunan nan biyu, kuma ba a kwance ya yi su ba. Saboda haka ka nemi takarda. Akwai Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas, akwai lasisin CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, hawa-hawa, C da B da A, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan Samaru da sashenta na ilimin motsa jiki. Yawan ihu a bakin fili ba ya zama lasisi.

Kujerar ma ba ta da tabbas. Marigayi Shuaibu Amodu sau biyu yana samo wa Najeriya tikitin gasar duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyun kuma ana cire shi kafin a tafi, wani ya je ya ci gajiyar. Albashi kuwa, Oliseh da kansa ya ambaci rashin biya cikin dalilansa na tafiya. In babban koci na ƙasa yana bin bashi, me kake zaton zai sami na ƙaramin kulob? Don haka kada ka saki ɗinkin manyan riguna da ka tashi a ciki. Ba don na raina burinka ba. Mutumin da ya kwana da yunwa shi ne ambulan ke yi wa kyau a ido, kuma nan ne ainihin maganata take.

A Yulin 2018 BBC ta nuna wani bidiyo da tawagar ɗan jaridar nan na Ghana, Anas Aremeyaw Anas, ta ɗauka a ɓoye. Wasu ne suka zo wa Salisu Yusuf da sunan dillalan 'yan wasa, suka yi masa zancen wasu yara biyu, suka miƙa masa kuɗi, aka ce dala 1,000, ya karɓa. Shi ya ce kyauta ce, bai roƙa ba, kuma ba ta sa ya ɗauki kowa ba, yaran da cancantarsu suka shiga. A Satumba kwamitin ɗa'a na hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ya dakatar da shi shekara ɗaya, ya ci shi tarar dala 5,000. Ya gama wa'adinsa, ya koma aiki, har aka sake mayar da shi cikin masu horar da Super Eagles.

Ba don in tozarta shi na kawo wannan ba. Babba ne a gare ka, ɗan garinmu ne, in kun haɗu ka durƙusa ka gaishe shi, in ya ba ka dama ka koyi aiki a wurinsa. Abin da ke zuciyarsa a ranar Allah kaɗai ya sani. Abin da nake so ka gani shi ne, ko da maganarsa gaskiya ce ɗari bisa ɗari, ba ta hana shekaru masu yawa na wahala su koma hoton hannu yana karɓar kuɗi ba. Tarar ma ta ninka abin da aka ce an ba shi sau biyar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Mu mutanen birni abin nan ya fi yi mana wuya, domin da kyauta muka tashi. Ba a zuwa wurin babba hannu rabbana, kuma mayar da hannun kyauta baya rashin kunya ne. Al'ada ce mai kyau, ba na son ta mutu. Amma malamanmu na zaure, na Kona da na Juma, sun daɗe suna karantar da cewa abin da aka ba mai riƙe da amana saboda amanar da ke hannunsa ba nasa ba ne. Koci kuwa mai riƙe da amana ne. Yara 30 suna zuwa atisaye, 11 kaɗai za su fara wasa, kai ke rubuta sunaye. Yaron da ka ajiye a benci yana kallon hannunka fiye da yadda yake sauraren bakinka.

Kada ka zaci sai ka kai Abuja jarrabawar za ta zo. Tana nan tafe a gasar unguwanni ta gaba. Uban yaro zai aiko maka da buhun masara gida, ya ce babu komai, zumunci ne. Wani mai kuɗi zai saya wa kulob riguna da takalma, bayan mako biyu ya tambaye ka me ya sa ɗan ƙanwarsa ba ya buga wasa. Wani zai zo da zancen fitar da yara Turai, ya cusa maka na mai a aljihu. In baki ya ci, ido zai ji kunya, ranar rubuta sunaye za ka tarar alƙalamin ya yi maka nauyi. Ka tambayi kanka kawai, mutumin nan ya taɓa aiko maka da ko goro kafin ka rataya usur a wuya?

Akwai yadda ake ƙin karɓa ba tare da an ci fuskar kowa ba. Ka yi godiya sosai, ka ce ka yi wa kanka alkawari ne, ba raini ba. In taimakon kulob ne, a kawo shi gaban kwamiti da rana tsaka, a rubuta a littafi, kowa ya ji. Maganar dillali kuma kada ka yi ta kai kaɗai a ɗaki, ka sa uban yaron da wani dattijo su zauna. Wasu za su ce ka cika tsauri, na ɗan lokaci ne, za su saba.

Kafin a fara gasar nan, ka tara iyayen yaran ka gaya musu wannan ƙa'ida da bakinka, tun ba a kai ga wanda zai ji haushi ba. Sannan ka bincika yaushe za a buɗe kwas na lasisin koci, ka zo mu ga yadda za a haɗa kuɗin. Ka gaida mahaifiyarka.