Ciwon Jijiya Mai Hana Barci

Ƴan uwa manoma, darasinmu na yau a kan ciwon da ba ya da rauni a fili, amma yana hana ido runtsawa.

A cikin ƙashin baya akwai laka. Ita ce babbar hanyar da saƙonni ke bi daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa, jijiyoyin ji kuwa su ne rassanta. In jijiya ta lalace, sai ta riƙa aika saƙon zafi ko da babu abin da ya taɓa mutum. Mai ciwon yakan ji ƙuna a tafin ƙafa, ko suka kamar ta allura, ko tafiyar kiyashi. Da dare zafin ya fi tsanani, har mayafi ma ba ya son ya taɓa shi. Rashin barci kuma yana ƙara zafin, ga gona tana jira da safe.

Abubuwan da ke kawo shi sun haɗa da ciwon sukari, da kuturta, da yawan shan giya, da matsewar jijiya a ƙugu.

Wanda ya yi tuntuɓe da kututture yakan murza wurin, sai zafin ya lafa. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana dalili: saƙon shafa yana rufe wa saƙon zafi ƙofa a cikin laka. A kan wannan hikima ne wani likitan Amurka, Norman Shealy, ya fara sa wa majinyaci na'urar motsa laka a 1967. Ana shigar da siririyar waya kusa da laka, a binne ɗan batir a ƙarƙashin fata, ya riƙa aika lantarki kaɗan kaɗan. Akan gwada ta kamar mako guda. In zafin ya ragu da rabi, sai a bar ta. Ba ta warkar da jijiya, amma wasu sukan samu sauƙi da barci. Aikin manyan asibitoci ne, ga tsada, kuma sai magunguna sun gaza ake yin sa.

To, mu fa mutanen Dogon Kiriya? Matakin farko shi ne a je likita a gano tushen ciwon. A auna sukarin jini, a duba fata. Maganin kuturta kyauta ne. Akwai ƙwaya mai suna amitriptyline da ake sha da dare, tana rage irin wannan zafi, tana kawo barci, amma sai ma'aikacin lafiya ya rubuta. In ciwon ya gagara, a nemi takardar zuwa Dogon Dutsi, ko Doso, ko Yamai.

A guji tiramol na masu talla. Yana kama mutum har ya kasa bari, kuma yawansa na jawo farfaɗiya. In ƙafa ta mutu, ko fitsari ya riƙa kuɓucewa, kada a kwana a gida.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin laka?
2. Don me murza wuri ke rage zafi?
3. Wace alama ce ba ta jiran gobe?