Shinkafa a ƙasar kisra: shawarwari ga uwargida a Omdurman da Khartum

Sudan ƙasar dawa ce. Kisra da asida su ne masu gida, shinkafa kuwa baƙuwa ce da aka fi gani ranar Sallah ko biki. Amma tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ita da adas suka zama abincin takaya, tukwanen unguwa da ke ciyar da jama'a kyauta. Mu Hausawan nan, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka, ba a koya mana dafa shinkafa. Abin da ya dame mu shi ne tsadar gawayi da wahalar ruwa.

1. Ki san wadda kika auno. A kasuwar Omdurman ko Suk Libya za ki tarar da ta Masar, gajera mai danƙo, da basmati doguwa daga Indiya ko Pakistan. Ta Masar kofi ɗaya, ruwa kofi ɗaya da kwata. Basmati a jiƙa ta rabin sa'a, sannan kofi ɗaya da rabi. In kika yi wa ta Masar ambaliya irin yadda ake yi wa shinkafar gida a Kano, tuwo za ki sauke.

2. Ruwa kafin komai. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da Nilu ke cika, ruwan kan zo ja wur da laka. Tsofaffin matan bakin kogi suna da dabara: a ɓare 'ya'yan zogale ɗaya ko biyu ga kowace lita, a daka, a dama a zuba a randa, a bar shi sa'a guda, laka ta kwanta. Sai dai fa haske ba tsarki ba ne. Wanda ya ga kwalarar da ta ratsa Omdurman a Mayun 2025 ba sai an gaya masa a tafasa na sha ba. Ruwan wankin shinkafa kuma kada a zubar, a ba shuka ko a jiƙa kwanuka.

3. Ki soya sha'iriyya, taliyar nan siririya, a man gyaɗa har ta yi ja, ki zuba shinkafar ki juya minti biyu kafin ruwa. Haka take warwarewa.

4. Wannan ita ce shawarar da na fi so. In tukunya ta tafasa a kan kanun, murhun gawayi, ki ba ta minti biyar, ki rufe ruf, ki sauke, ki nannaɗe ta da tsohon bargo ki sa a kwando. Minti arba'in, ba leƙe. Zafin da ke ciki zai ƙarasa aikin, garwashin kuma ya tafi ga miya ko shayi. Ranar da na fara, maƙwabciyata dariya ta yi, wai na kwantar da tukunya kamar mai zazzaɓi. Da na buɗe tururi ya bugi fuskarta, sai ta ce, "Yaya, ara mini bargon."

5. Kwantai, a kula. A zafin Mayu da ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, shinkafar da ta wuce sa'a biyu a ajiye abar tsoro ce. Akwai ƙwayar cuta a cikinta da dahuwa ba ta kashewa, kuma ɗumame ba ya karya dafin da take saki. A dafa daidai baki, in ta yi saura a miƙa wa maƙwabta da ɗuminta.

6. Buhu a ɗora shi kan katako, a tura busasshen ganyen darbejiya ciki saboda ƙwari.

7. Fattar Babbar Sallah shinkafar Masar take so, ba basmati ba. A gutsuttsura busasshen burodi a faranti, a kwarara romon rago, a shimfiɗa shinkafa, nama a sama, tafarnuwa da shatta a gefe. Ƙanzon gindin tukunya kuwa na yara ne, a yayyafa masa romo a ba su kafin su fara faɗa a kansa.